Ruwa Bai Wanke Hayaƙin Ba

Talata, 9 ga Janairu 2024

Yau ma amai tun asuba. Shayi bai zauna ba, burodi bai zauna ba, ko ƙamshin albasa daga kicin ɗin maƙwabta ya isa ya tura ni banɗaki. Cikin wata biyu ne, kuma shekara uku na yi ina roƙon Allah shi, don haka ba ni da bakin ƙorafi. Amma a nan dai zan faɗa: na gaji.

Nawaf ya fita da motar masu Umara tun gari bai waye ba, ya bar ni da Umma, mahaifiyarsa, da ƙanwarsa Tahani. Umma ta leƙo ta gan ni a kwance, ta ce da Tahani da Larabci wai 'yar Kanon nan akwai raki. Ta manta na fara jin Larabcin. Ko kuma ba ta manta ba.

Alhamis, 18 ga Janairu

Kullum bayan la'asar matan layinmu suna taruwa a falon Umma. Duk jikokin Hausawa ne da kakanninsu suka zo Hajji suka zauna, Hausarsu rabi Larabci ce. A kawo gahawa da dabino, a kunna shisha biyu, a yi ta hira har magariba. Tun da Nawaf ya kawo ni unguwar Hindawiyya a nan Makka aikina a zaman nan ɗaya ne: hura gawayi, juya shi, canja ruwan tulun shishar. In na gama in raɓe a bakin ƙofa ina murmushin abin da ban gane ba.

Yau na kawo gawayi sai zuciyata ta tashi, na dafe baki. Umma ta ce, "Ta'ali ya binti, zauna nan." Binti! Tun da na zo gidan nan ba ta taɓa kira na 'yarta ba. Ta miƙo mini tiyon shisharta ta ce, "Ja kaɗan. Tuffa ce da na'ana'a, tana kwantar da tashin zuciya. Duk cikina da ita na yi laulayi."

Na ce, "Umma, ba taba ba ce?" Matan suka kwashe da dariya. Ta ce taba ta direbobi ce, wannan mu'assal ne, zuma da 'ya'yan itace. Ta ƙwanƙwasa tulun da farce. "Kin ga ruwan nan? Shi yake wanke hayaƙin tas kafin ya iso miki. Ƙamshi kawai kike sha."

Na ja, na yi tari har da hawaye, suka ƙara dariya, amma yau dariyar da ni ake yi. Kaina ya yi wani yam, aman ya koma. Na ci shinkafa ta zauna. Da Mama a Kano za ta gan ni da tiyo a baki, da sai an yayyafa mata ruwa.

Juma'a, 26 ga Janairu

Ban ƙara amai ba. Yanzu ina da matashin jingina nawa a falon, kusa da Umma. Tahani ce ke hura gawayi, tana ta kumbure-kumbure. Allah ya ƙara.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Awo a ƙaramin asibitin unguwa. Tahani ta raka ni don ta yi mini tafinta. Na ji bugun zuciyarsa! Da sauri da sauri, kamar mai daka tana gudun kada rana ta faɗi. Na yi kuka, Tahani ta ce in daina ba ta kunya.

Likitar ta tambaya ko ina shan sigari. Kafin in buɗe baki Tahani ta ce, "La, a'uzubillahi." Ni ma haka na gani, don ban taɓa riƙe karan sigari ba a rayuwata.

Talata, 20 ga Fabrairu

Laulayi ya tafi. Ni dai ban fasa zaman falo ba.

Alhamis, 14 ga Maris

Azumi. Umma ta ce in ajiye saboda cikin, na ce zan gwada. Yunwa ba ta dame ni ba, ƙishirwa ma da sauƙi. Amma daga la'asar sai kaina ya ɗauki sarawa, hannuna ya rasa inda zai zauna, in ji kowa haushi yake ba ni. Jiya na yi wa Nawaf tsawa a kan ya ajiye mukulli inda ba nan ne wurinsa ba. Ya tsaya yana kallona kamar an canja masa mata.

Yau da aka kira magariba na kama kaina. Dabino yana bakina, idona yana kan gawayin da Tahani take hurawa. Ba ruwa nake jira ba tun safe. Abin ya ba ni tsoro kaɗan, sai na ce ai ƙamshi ne kawai, kuma har Umma haka take yi.

Laraba, 10 ga Afrilu

Sallah. Yana motsi, amma a hankali, kamar mai jin kunyar mutane.

Matan da suka zo gaisuwa kowa sai ta ce, "Wata biyar? Ina cikin yake?" Umma ta ce namiji ne, maza a baya suke kwanciya. Na kira Mama a bidiyo, ta sa na tsaya a karkace ta kalle ni da kyau. Ta ce, "Murjanatu, kina cin abinci kuwa?" Na ce ina ci. Na matsa da wayar don kada ta hango abin da ke bayana a kan kafet.

Litinin, 22 ga Afrilu

Ban san ta ina zan fara ba.

An tura mu babban asibiti yin hoto. Nawaf ne ya kai ni. Likitar sunanta Dakta Hanan, siririya, ba ta da yawan fara'a. Ta daɗe tana goga abin a cikina, tana aunawa, tana sake aunawa. Ta ce namiji ne. Nawaf ya ce Allahu Akbar, ya matse mini hannu. Ita kuwa ba ta yi murmushi ba. Ta ce yaron bai kai girman watanninsa ba, kuma jinin da ke zuwa masa ta cibiya bai wadata ba.

Ta tambayi hawan jini, babu. Ciwon suga, babu. Sigari, na ce a'a. Sai ta sunkuyo za ta goge mini ciki, ta tsaya, ta shinshina abayata. Ta ce, "Mu'assal?"

Na ce eh, amma kaɗan, kuma da ruwa. Wallahi da ƙarfin gwiwata na faɗa. Har na fara yi mata bayanin yadda ruwan yake wanke hayaƙin, da guntun Larabcina. Ta ajiye abin hannunta ta ce Nawaf ya fassara mini kalma kalma. Mu'assal taba ce aka kwaɓa da zuma. Ruwan ba ya wanke komai, sanyaya hayaƙin kawai yake yi don in iya zuƙarsa har ƙasan ƙirji. Zama ɗaya na la'asar ya fi karan sigari da yawa. Hayaƙin gawayin kuma yana shiga jinina ya tare wurin iskar da ya kamata ta je wa yaron. Ta ce, "Duk sanda kika ja, shi ne yake rasa numfashi. Ke kina iya buɗe taga. Shi ba shi da taga."

Nawaf ya kasa fassara na ƙarshen. Ba sai ya fassara ba, na ji.

Muka shiga mota. Ya zaro sigarinsa don sabo, ya kalle ni, ya mayar aljihu.

Talata, 23 ga Afrilu

Nawaf ya faɗa wa Umma. A tsaye ya faɗa, yana sosa ƙeya, kamar yaron da ya fasa kofi. Umma ta ce, "Kalam fadi, zancen banza! Likitocin yanzu ko iska ka shaƙa sai su ce ita ce. Bakwai na raina a gidan nan, ga ka nan ƙato kana cika ƙofa." Sannan ta juyo kaina. "Ke kika ce musu ni na ba ki?" Na ce ban ce ba. Ta ce tayyib, daga yau kowa ya riƙe cikinsa.

Yau ba ta ce binti ba. Abin kunya, wannan ma ya yi mini ciwo, a ranar da ya kamata abu ɗaya ne kawai zai dame ni.

Laraba, 1 ga Mayu

Na daina. Sati guda kenan ina kulle kaina a ɗaki daga la'asar. Amma gidan nan duk tagoginsa a liƙe suke da leda da salatif saboda zafi da ƙura, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana ta juya iska ɗaya daga ɗaki zuwa ɗaki. Ƙamshin tuffa yana biyo ƙarƙashin ƙofa ya same ni a gado. Na cusa tawul, bai hana ba. Ina jin ƙarar ruwan tulun, gurr gurr, ina jin dariyarsu, yawuna yana tsinkewa.

Wace irin uwa ce za a ce mata abu yana shaƙe ɗanta, ta kwanta tana haɗiyar yawu a kansa?

Lahadi, 5 ga Mayu

Na sha.

Sun tashi sallar magariba suka bar gawayin da sauran wuta. Na fito ɗaukar kofuna. Ban yi shawara da kaina ba, na dai ga tiyon a hannuna. Ja uku ko huɗu. Daɗin da na ji, Allah ka yafe mini, har cikin ƙashina. Daga nan na ruga kicin na ɗaga jarkar zamzam na yi ta sha har cikina ya ƙulle, ina cewa Allah ka wanke masa, Allah ka wanke masa. Na san ba haka abin yake ba. Ruwa ne dai ya cuce ni tun farko, ga ni kuma ina neman wani ruwan ya gyara.

Bai motsa ba sai bayan isha'i.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na roƙi Nawaf ya fitar da ni daga gidan nan. Ya ce ya ga wani ɗaki da falo a unguwar Ka'akiyya, amma sai bayan aikin Hajji, kuma sai ya san yadda zai shawo kan Umma. "Isbiri shwayya, Murja. Ki yi haƙuri kaɗan." Mutumin kirki ne, ba na musu. Amma in Umma ta yi tari daga falo sai ya miƙe tsaye.

Da na matsa masa sai ya ce wai ya tuna wani abu. Umma tara ta haifa, ba bakwai ba. Biyu sun zo ƙanana ƙwarai, ba su kai arba'in ba. Yana yaro lokacin, abin da ya riƙe kawai shi ne babansu ya ɗauki ɗaya a tafin hannu zuwa maƙabarta. Ba a zancensu a gidan.

Na ɗora hannu a cikina.

Litinin, 20 ga Mayu

Hoto kuma. Ya ƙaru amma kaɗan, ruwan da yake kwance a ciki ma ya ragu. Dakta Hanan ta ce, "Kin daina?" Na ce eh. Ta kalle ni. Na ce sau biyu kawai. Gaskiyar ta fi haka, amma bakina ya ƙi. Ta ce ko yau na daina yana da amfani, ba a makara ba. Ta ce in na ga jini, ko na ji shiru, kada in jira kowa.

Ba a makara ba. Ni a jikina nake jin an makara.

Litinin, 3 ga Yuni

Ina kwana ina tashi da hannu a ciki. In ya motsa in ce sannu, in ya yi shiru in girgiza shi. Na ce masa ya yi haƙuri. Na ce masa uwarsa sakarai ce, ta sayar da numfashinsa don a ce mata binti a ba ta matashin jingina. Ban sani ba ko yana ji.

Tun ranar hoto na biyu ban taɓa shishar ba. Ba na jin alfahari, ciwon kai kawai nake ji.

Talata, 11 ga Yuni

Garin ya cika da alhazai, zafi kamar a tanda. Nawaf ya tafi, kamfaninsu zai yi jigila tsakanin Mina da Arfa, ba zai dawo ba sai bayan jifa. Ya durƙusa ya ce da cikina, "Ka jira ni, ya walad." Saura fiye da wata biyu, in ji lissafi.

Laraba, 19 ga Yuni

A gadon asibiti nake rubutu.

Ranar Arfa ce, Asabar. Da hantsi ina yanka tumatir sai na ji cikina ya ɗaure tamau kamar dutse, wani ciwo ya tsaga ni, na ga jini yana bin ƙafata har tayil. Na kira Umma. Ban taɓa ganin ta da gudu ba sai ranar. Wayar Nawaf ba ta shiga. Duk direban da muka sani yana Arfa, layinmu shiru kamar an share. Tahani ta fita ba takalmi ta tsayar da motar wani mai kai ƙanƙara, shi ya kai mu. Umma ta riƙe kaina a cinyarta tana ta ya Latif, ya Latif. Mayafinta ƙamshin tuffa yake yi, na kawar da fuska.

Mabiyiya ce ta ɓalle daga jikin mahaifa kafin lokaci. Aka shiga da ni tiyata. Da na farka cikina fayau, ba kuka, ba jariri a gefena. Na ɗauka ya mutu, na kasa tambaya. Sai Tahani ta ce yana raye, yana kwalba a ɗakin bakwaini, inji ne yake yi masa numfashi.

Na tambayi Dakta Hanan ko ni ce. Ta ce ba wanda zai iya rantsewa a kan dalili ɗaya, yana faruwa ga waɗanda ba su taɓa sha ba, amma hayaƙi yana ƙara haɗarinsa sosai. Ta so ta sauƙaƙa mini ne. Ni dai na ji amsata.

A ranar da mutane suke tsaye a Arfa ana yafe musu, ni ga abin da na yi.

Alhamis, 20 ga Yuni

Sun tura ni a keke na gan shi. Kilo ɗaya da ɗan kai. Fatarsa ja, ana ganin jijiyoyi, haƙarƙarinsa yana shiga yana fita, wayoyi ko'ina. Nawaf ya iso jiya, ya tsaya a jikin gilashin yana kuka kamar mace. Ni ban yi ba. Na ce a mayar da ni.

Asabar, 22 ga Yuni

An sallame ni, an bar shi. Yau suna. An yanka rago, an raɗa masa Abdurrahim, shi yana can bai san ana yi ba. Umma ta ce ba za a ce jikanta na fari daga Nawaf an yi masa suna a ɓoye ba, don haka mata suka cika gida. An yi shinkafa da nama, an yi kunu saboda mai jego.

Bayan la'asar aka fito da shisha. Huɗu yau, saboda baƙi.

Ina zaune a tsakiya da lalle a hannu, ɗinki yana ja na, ana ta miƙo mini barka, hayaƙi yana taruwa a saman silin. Wata ta ce Allah ya raya, ta busa. Wata ta ce bakwaini ai sun fi kowa wayo, ta busa. Wata ma har ta miƙo mini tiyo wai zai kwantar mini da hankali. Ba mugunta suke yi ba, abin da ya fi ƙona mini rai kenan. Na so in yi ihu, in yi ƙafa da tulunan nan su tarwatse. Ban yi ba. Na ce na gode, na gode, Allah ya bar zumunci.

Kuma hancina yana bin ƙamshin. A ranar sunansa.

Alhamis, 27 ga Yuni

Kullum da safe Nawaf yana kai ni in ba da nonon da na tatsa. Akwai wata nas a ɗakin, Maha, kakarta 'yar Sakkwato ce, Hausarta a karye amma tana dagewa. Ita take ba shi nonon ta wani siririn tiyo da ke hancinsa. Ta ce kwalbar tana da ƙofofi biyu a gefe, in wanke hannu in zura in taɓa shi, suna jin hannun uwa. Na ce a'a, mura nake yi. Jiya na ce ɗinki ne yake ciwo. Yau ta ce, "Inti ba mura. Inti tsoro."

Ba tsoro ba ne. Duk abin da ya same shi daga jikina ya fito. Wata bakwai yana hannuna, ga yadda na miƙo shi. Gara waɗanda suka san aikinsu su riƙe shi. Ina tsayawa daga nesa, in kalli injin maimakon fuskarsa. Ko sunan ban iya faɗa ba, yaron nake cewa.

Litinin, 1 ga Yuli

An cire masa babban injin shekaranjiya, yau an mayar. Numfashinsa ya tsaya, ya yi shuɗi, na'ura ta yi ta ƙara, suka fitar da mu. Wai ƙwayar cuta ce ta shiga jininsa. Likitan yara ya ce mu yi addu'a. In likita ya ce a yi addu'a na san me yake nufi.

Mama ta kira, ta ce in yi tawakkali, Allah ne mai rayawa. Har yau ba ta san komai ba. Tana ta cewa wahalar aikin gida ce ta jawo, tana jin haushin mutanen da ba su hutar da ni ba. Na bar ta a haka.

Alhamis, 4 ga Yuli

Umma ta ce za ta bi mu. Tun da aka haife shi ba ta shiga ɗakin ba, wai ƙafarta. Maha ta sa mata riga da takunkumi. Ta tsaya a kan kwalbar ta daɗe, ta daɗe, har na zaci addu'a take yi. Sai na ji ta ce a hankali, da Hausa tsantsa ba Larabci ko ɗaya, "Haka Sa'ud yake. Haka yatsunsa suke."

Na gane ɗaya daga cikin biyun nan da ta rasa take nufi. A mota ta juya fuska ga taga har gida. Da la'asar matan suka zo ta ce kanta yana ciwo, a tafi. Ban sani ba ko gobe za a kunna. Ban ma san ko ya dame ni ba. Na ɗauka in na ga ta karye zan ji sanyi, ban ji komai ba.

Talata, 9 ga Yuli

An koma kunnawa, amma a saman bene. Ƙamshin yana saukowa ta matattakala.

Zazzaɓinsa ya sauka, an sake cire injin, an bar masa ƙaramin na hanci. Likita ya ce ko ya fita huhunsa zai daɗe bai yi ƙwari ba, kuma ba a san abin da rashin iskar ya taɓa a kansa ba sai ya fara girma. Ya ce gidan da za a kai shi kada a sha komai a ciki, ko a tufafi kada ya ji. Nawaf ya ce ya karɓi mukullin Ka'akiyya. Ya ce rabonsa da sigari tun ranar da ya ga yaron. Na ce to.

Har yanzu in la'asar ta yi jikina yana tambaya. Ina zama a kan hannuwana har ta wuce.

Lahadi, 14 ga Yuli

Maha ba ta da kunya. Na kai nono zan juya, ta tare ƙofa ta ce yau ba mura, ba ɗinki, likita ya rubuta a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, magani ne kamar allura. Na ce a ba babansa. Ta ce babansa ba shi da nono. Na ce kayana ƙila suna wari. Ta shinshina ni tun daga wuya har hannu, a gaban mutane, ta ce, "Sabulu bas, ba wari. Zauna."

Na zauna don kada a yi ta kallonmu. Ta buɗe mini gaban riga, ta ɗauko shi da wayoyinsa ta kwantar a tsakanin nonona, ta rufe mu da zani. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ɗumi ne da shi, ban zaci haka ba. Na ƙame, ko numfashi mai ƙarfi na kasa yi, ina jiran na'urar ta yi ihu ta tona ni. Ba ta yi ba. Maha ta nuna lambar da ke allon ta ce, "Shufi, yana hawa." Ban kalla ba. Kansa yana ƙarƙashin haɓata, yana da gashi ashe, laushi, a kwance. Ya buɗe hannu ya ɗora a ƙashin wuyana ya bar shi a nan.

Ban ce na yafe wa kaina ba. Ban ce zai rayu ba, ba wanda ya yi mini wannan alkawarin. Wataƙila ma ɗumin kawai yake bi, ko jikin wa aka ɗora shi haka zai yi.

Maha ta ce na yi ta magana ƙasa-ƙasa, wai ta ji ina cewa Abdurrahim. Ban tuna ba. Da ta zo ɗaukarsa dai na ce mata ba yanzu ba, barci yake yi.

Gobe da safe zan koma. Likita ne ya rubuta.